Kafin Mu Ɗauko Bulala Ko Mu Kira Mai Ruƙya

  

Wata rana an idar da sallar Isha'i, jama'a sun watse, sai wani bawan Allah ya ja baya yana jiranmu. Gefensa ga yaro da bai wuce shekara 15 ba, ya sunkuyar da kai yana wasa da bakin darduma. Bayan gaisuwa uban ya ce, "Malam, ga shi nan na kawo maka. Wallahi yaron nan ya ishe ni. A da shi ke tashin mutanen gida sallar asuba, yanzu sai an kwara masa ruwa. Ya daina zuwa Islamiyya, sakamakonsa na boko ya lalace, abinci sai ya ga dama, jiya har matata ya mayar wa magana. Na yi faɗa, na yi duka, na kai shi an yi masa ruƙya har sau biyu. Yanzu so nake ka yi masa wa'azi."

Muka dubi yaron muka ce, "Ɗana, me ke damunka?" Bai ɗago ba. Ya ce, "Ba komai, Malam."

Babu limamin unguwa da bai san irin wannan zama ba. Abin lura shi ne, cikin numfashi ɗaya uban ya lissafa duk abin da ke rumbunmu idan matashi ya sauya hali: bulala idan muna ganin rashin kunya ce, ruƙya idan muna zargin aljani ko sammu, wa'azi idan mun ɗauka imani ne ya yi rauni. Dukkan ukun ana iya yin su a gama ba tare da an ji kalma ɗaya daga bakin yaron ba. Mu masu hawa mumbari ba za mu wanke kanmu ba. Shekaru da dama idan aka kawo mana irin wannan yaro, ayoyin biyayya ga iyaye muke karanta masa, ya gyaɗa kai, uba ya yi godiya, a tashi, cuta tana nan inda take.

Ra'ayinmu a wannan shafi shi ne, koya wa yaro ya gane abin da ke zuciyarsa, ya iya faɗinsa, ya iya riƙe kansa idan abin ya taso masa, sashe ne na tarbiyyar da Allah Ya ɗora wa iyaye, kamar yadda koya masa alwala yake. Idan kuma abin ya wuce ɓacin rai ya zama ciwo, kai shi wurin likita haƙƙinsa ne a wuyanmu.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa ɗaya cikin kowane bakwai na masu shekara 10 zuwa 19 yana fama da wata matsala ta ƙwaƙwalwa, kuma ciwon damuwa da matsananciyar fargaba da rikicewar ɗabi'a su ne kan gaba. Kusan rabin irin waɗannan cututtuka suna somawa ne tun yaro bai wuce shekara 14 ba. Idan muka ɗauki wannan ma'auni muka shiga ajin Islamiyya mai ɗalibai 70, yara 10 ke nan muke magana a kansu, suna zaune a gabanmu suna biya karatu tare da kowa.

Akwai dalilin da ya sa shekarun nan suke da wuya. Masana sun nuna cewa sassan ƙwaƙwalwa ba tare suke ƙosawa ba. Sashen da ke tayar da fushi da tsoro da sha'awa da son a yaba wa mutum a cikin tsara yakan yi ƙarfi tun farkon balaga. Sashen da ke bayan goshi kuwa, wanda ke auna ƙarshen al'amari ya tsayar da mutum, ba ya kammala sai wajen shekara 25. Doki ya yi ƙarfi, linzami bai gama ƙeruwa ba. Ga kuma barci: matashi na buƙatar awa 8 zuwa 10, amma namu yakan kai ƙarfe biyun dare a kan waya, ya tashi asuba, ya wuce boko, ya dawo Islamiyya, ya ƙarasa yini a shagon babansa. Ko dattijo aka yi wa haka sai ya zama mai saurin hasala.

Mai karatun fiƙihu ba zai ga baƙon abu a nan ba. Balaga tana sa alƙalami ya fara rubutu a kan yaro, ba mu jayayya da wannan, kuma ba mu ce a sauke masa sallah ko a yafe masa rashin ladabi ba. Amma a Suratun Nisa'i, da aka zo maganar dukiyar marayu, ba a wadatu da balaga ba, sai da aka sharɗanta a jarraba su a ga shiriyar hankali tukuna a miƙa musu dukiyarsu. Ke nan Shari'a ta san cewa jiki yana iya girma alhali natsuwa tana tafe a baya, kuma natsuwar da horo ake samun ta.

To mene ne horon? Farkonsa suna. Harshenmu ba matalauci ba ne a wannan fage. Takaici daban, haushi daban, ƙunci daban, zullumi daban, ga fargaba, ga kewa, ga kishi, ga muzanta, ga kaɗaici. Amma je ka tambayi yaron gidanka yadda yake, amsa biyu kawai ya iya, "lafiya lau" da "ba komai." Wanda bai san sunan abin da ke cin sa ba, ba zai iya neman maganinsa ba, kuma abin ba ya mutuwa don an yi shiru. Wata ƙofa yake nema ya fita, ta tsawa, ta dundu, ta ciwon kai da ciwon cikin da asibiti ya auna bai ga komai ba, ta ƙin cin abinci, ta kwalbar da abokai suka miƙo a bayan layi. Yaron da malami ya muzanta a gaban aji ya dawo gida ya kwaɗa wa ƙanensa mari, mu marin muka gani. Likitoci ma sun san cewa ciwon damuwa a wurin matashi sau da yawa ba da hawaye yake bayyana ba, da saurin fushi yake bayyana. Sai mu kira shi fitsara mu ɗauko dorina.

Mu mutane ne masu alkunya, kuma abin alfahari ne. Uwa ba ta kiran sunan ɗan fari, uba ba ya sakin fuska da yawa kada raini ya shigo, ɗa namiji tun yana ɗan shekara biyar ake ce masa namiji ba ya kuka. Sai dai kakanninmu da suka gina wannan katanga sun bar mata ƙofofi. A babban gida, yaron da ba ya iya duban idon mahaifinsa yana da kaka wadda yake tsokana, yana da kawu da gwaggo, yana da taubashi, kuma a cikin wasan nan ake jin abin da ke ransa a kai wa uba ta hanyar da ba za ta zubar da girman kowa ba. Yau da yawanmu muna gidan haya a birni, ɗaki biyu da falo, kaka tana ƙauye, kawu yana wani gari. Katangar muka taho da ita, ƙofofin muka baro. Gurbin da kaka ta bari, waya ce ta cike shi, kuma duk wanda ke can ƙarshen wayar, na kirki ne ko ɗan iska, shi ne yanzu yake jin sirrin 'ya'yanmu.

Kunyar da addini ya yaba ita ce mai hana saɓo. Nana A'isha (RA) ta yabi matan Ansar ne saboda kunya ba ta hana su tambayar abin da ya shige musu duhu ba.

Mu dubi gidan Manzon Allah (SAW). Anas ɗan Malik (RA) ya fara yi masa hidima yana da kimanin shekara 10, ya yi shekara 10 yana yi. Wato gaba ɗaya shekarun nan da muke kuka da su a gabansa ya yi su, kuma shi da kansa ya ba da shaida cewa bai taɓa yi masa tsaki ba, bai taɓa tuhumarsa kan abin da ya yi ko ya bari ba. Anas yana da ƙane ƙarami, Abu Umair, mai wani ɗan tsuntsu da yake wasa da shi. Tsuntsun ya mutu, Annabi (SAW) ya shigo ya ga yaron a cikin damuwa, ya tambayi dalili, sannan ya tsaya yana yi masa maganar tsuntsun cikin raha. Shugaban al'umma, mai ɗauke da nauyin wahayi da yaƙi da shari'a, ya lura fuskar ƙaramin yaro ta canza. Da a gidajenmu ne, abin da yaron zai ji shi ne, "Don tsuntsu kake wa mutane kuka? Tashi ka ba ni wuri." Haka kuma da Aƙra'u ɗan Habis ya ga ya sumbaci jikansa Hasan, ya ce shi yana da 'ya'ya goma bai taɓa sumbatar ko ɗaya ba, Annabi (SAW) bai yaba masa da cewa namiji ne ba, rashin jin ƙai ya kira abin.

Wanda ya fi tsaya mana a rai shi ne saurayin da Imamu Ahmad ya ruwaito labarinsa, wanda ya zo cikin jama'a ya nemi a yi masa izinin zina. Sahabbai suka taso masa da tsawa. Annabi (SAW) ya ce ya matso, ya zaunar da shi kusa da shi, ya riƙa tambayarsa ko zai so a yi haka da mahaifiyarsa, da 'yarsa, da 'yar'uwarsa, da gwaggonsa, da innarsa, yana cewa a'a, ana nuna masa cewa sauran mutane ma haka suke ji. Sannan ya ɗora masa hannu ya yi masa addu'a. Hukunci bai canza ba ko da ƙwayar zarra. Amma saurayin ya samu wurin da zai faɗi mafi munin abin da ke ransa, aka koya masa ya sa kansa a matsayin wani, ya tashi ya rabu da abin. Mu tambayi kanmu, a masallatanmu akwai saurayin da zai iya kawo mana rabin wannan magana?

Mun iya cewa "yi haƙuri." Ita ce kalmar da ta fi kowace yawa a bakinmu. Amma umarni da haƙuri ba tare da koyar da shi ba kamar a ce wa yaro ya yi sallah ne ba a koya masa Fatiha ba. Sunna ba ta tsaya ga hana fushi ba, ta nuna abin da mai fushi zai yi da jikinsa a daidai lokacin: ya nemi tsari daga Shaiɗan, ya kame bakinsa, idan yana tsaye ya zauna, idan bai huce ba ya kishingiɗa. Waɗannan abubuwa da gani ake koyonsu. Yaron da ya ga mahaifinsa ya dawo kasuwa rai a ɓace, ya ce, "Yau an ɓata mini rai, ku bar ni in yi alwala in huce tukuna," ya koyi darasin da huɗuba goma ba za su koya masa ba. Wanda kuwa ya ga uba ya huce a kan uwa, uwa ta huce a kansa, shi ma ƙanensa zai nema. Kuma ba a fara zancen a lokacin da wuta ke ci. Sai an huce, a hanyar masallaci ko a kan babur, inda ba a fuskantar juna kamar gaban alƙali, uba ya ce, "Kwana biyu na ga ba ka da walwala." Zai ce ba komai. A bar shi, a sake bayan kwana uku. Ranar da ya fara magana, a danne sha'awar katse shi da nasiha, domin idan ya faɗi gaskiya ya sha mari, ba zai sake ba har abada.

Mun san abin da wasu iyaye za su ce: wannan ai tarbiyyar Turawa ce, da ita suka sangarta 'ya'yansu har yaro yana kiran 'yan sanda wa ubansa, mu da aka dake mu ga shi mun zama mutane. Akwai gaskiya a tsoron nan, domin gidan da ba shi da doka ba alheri ba ne ga yaro, kuma ba kowane kumbure-kumbure ne ciwo ba, wani shagwaɓa ce kawai. Amma sauraro bai soke doka ba. Ana iya ce wa yaro, "Na ji an zalunce ka, fushinka yana da dalili, amma marin ƙanenka laifi ne kuma za ka ba shi haƙuri." Game da cewa mun zama mutane kuwa, waɗanda suka tsira ne suke ba da labari. Kowannenmu ya san wani tsaransa da ya ƙare a tasha ko a bakin kasuwa yana magana shi kaɗai.

Kuma abin ba daga Turawa ya faro ba. Abu Zaid al-Balkhi, wanda ya rasu a shekarar 934 Miladiyya, ya rubuta littafi mai suna Masalihul Abdani wal Anfus, inda ya yi babi-babi a kan fushi da tsoro da baƙin ciki da waswasi. Ya raba baƙin ciki gida biyu: wanda aka san sababinsa, kamar rashin masoyi ko dukiya, da wanda ke sauko wa mutum ba tare da wani dalili na fili ba, ya ce wannan na biyun tushensa a jiki yake kuma yana buƙatar magani. Farfesa Malik Badri na Sudan ya fassara wannan sashe zuwa Ingilishi. Sama da shekara dubu ke nan da malamin Musulunci ya faɗi abin da har yau muke jin nauyin faɗa a mumbari.

Saboda haka mu daina cewa duk mai ciwon damuwa imaninsa ne ya yi rauni. Annabi Yaƙub (AS) ya yi baƙin cikin rabuwa da ɗansa har ganinsa ya tafi, kuma shi ne Alƙur'ani ya ba mu labarin kyakkyawan haƙurinsa. Yarinyar da ke tsayuwar dare tana kuka, ta zo ta ji liman yana cewa mumini ba ya shiga damuwa, an ƙara mata ciwo na biyu a kan na farko, domin yanzu tana zargin har Ubangijinta Ya yi fushi da ita.

Ruƙya ta Shari'a gaskiya ce, Alƙur'ani waraka ne, kuma babu mai hana uba ya tofa wa ɗansa Falaƙi da Nasi safe da yamma. Amma Ibnul Ƙayyim, wanda ya tabbatar da shafar aljani, shi ne kuma ya ce a Zadul Ma'ad faɗuwa iri biyu ce, akwai ta aljanu akwai ta jiki wadda likitoci suke magana a kanta. Waɗanda suka yi wayo a Kano a shekarun 1990 za su tuna zancen Sumbuka a makarantun 'yan mata. Likitoci sun san irin wannan faɗuwa da ke yaɗuwa tsakanin ɗalibai masu zama cikin matsi a ƙasashe da dama, Musulmi da waɗanda ba Musulmi ba. Mai ruƙya mai tsoron Allah shi ne wanda zai ce, "Na yi karatu, yanzu ku wuce asibiti." Wanda zai rufe ɗaki da budurwa, ko ya shaƙe ta, ko ya zane ta da sunan aljani yake duka, wannan a kiyaye shi.

Mun ga inda wannan hanya take kaiwa. A watan Satumba na 2019 'yan sanda suka buɗe wani gida a Rigasa ta Kaduna suka fito da mutane masu yawa, manya da yara, wasu da mari a ƙafa, bayansu duk tabon duka. Cikin makonnin da suka biyo baya aka samu irinsa a Daura da wasu garuruwa. Abin da ya fi ciwo shi ne, da yawansu iyayensu ne suka kai su da hannunsu, suna biyan kuɗi, ba don ƙiyayya ba sai don ba su san wata ƙofa ba. Wasu an kai su ne saboda shaye-shaye, wanda binciken ƙasa na 2018 ya nuna mutum miliyan 14.3 masu shekara 15 zuwa 64 sun taɓa shi a cikin shekara guda. A watan Mayu na shekarar gwamnati ta hana maganin tari mai kodin, sai masu sha suka koma wasu abubuwan, domin an ɗauke kwalba ne ba a taɓa abin da ya sa aka ɗauke ta ba. Sau da yawa yaro yana sha ne don ya samu barci, ko ya mance wani abu. Mu tuna kuma da yaran Zamfara da Katsina da Borno da suka ga an kashe nasu a gabansu, da ɗaliban Ƙanƙara da Jangebe da aka kwashe zuwa daji aka dawo da su. Wanda ke firgita da ƙarar babur, ko ya koma fitsarin kwance yana ɗan shekara 13, ba iskanci yake yi ba.

Yaushe za a nufi asibiti? Idan ƙunci ko saurin fushi ya wuce mako biyu kusan kullum, yaro ya bar abin da yake so a da, barcinsa da cinsa sun rikice, ya janye daga mutane. Idan yana jin muryoyin da ba kowa ke ji ba, ko yana wanke hannu da maimaita alwala har ta hana shi rayuwa. Idan kuwa ya ce gara ya mutu, ko ya ce ya zame wa kowa kaya, to ba a jiran gobe, kuma ba lokacin karanta masa azabar wanda ya kashe kansa ba ne. A tambaye shi kai tsaye ko yana tunanin hallaka kansa, domin tambayar ba ta dasa tunanin, a kawar da duk abin da zai iya cutar da kansa da shi, kada a bar shi shi kaɗai, a kai shi a ranar. Akwai asibitocin ƙwaƙwalwa a Barnawa ta Kaduna, da Kware a Sakkwato, da Maiduguri, da Dawanau a Kano, kuma asibitocin koyarwa suna da sashen. A watan Janairu na 2023 aka sa hannu a sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa wadda ta maye gurbin tsohuwar ta 1958, amma likitocin fannin 'yan ɗaruruwa ne ga mutum sama da miliyan 200. Wannan ƙaranci shi ya sa liman da malamar Islamiyya suka zama ƙofar farko ko suna so ko ba sa so, kuma ya kamata majalisun malamai su nemi likitoci su zo su koya mana alamomin nan, kamar yadda aka taɓa zama da mu a kan rigakafin shan inna.

Ku kuma ɗalibai, idan aboki ya gaya muku irin wannan magana ya ce ku rufa masa asiri, kai ta ga babba mai hankali ba cin amana ba ne.

Shi yaron da muka fara da labarinsa, mun roƙi mahaifinsa ya bar mana shi ya riƙa taya mu naɗe dardumai bayan Isha'i. Dare na farko da na biyu bai ce komai ba, mu ma ba mu tambaya ba. A na huɗu, yana riƙe da gefe muna riƙe da gefe, ya ce, "Malam, idan mutum ne ya jawo aka saki mahaifiyarsa, Allah zai yafe masa?" Ashe wata takwas ke nan da aka saki uwarsa ta koma garinsu, rigimar kuma a kan kuɗin makarantarsa ta faro, yana bayan ƙofa yana ji. An hana ambatonta a gidan. Tun ranar bai yi cikakken barci ba. A duk bayanin da uban ya yi mana a daren farko, bai kawo zancen sakin ba, domin bai ga alaƙarsa da maganar ba.

Da muka zauna da shi muka ce, "Alhaji, yaron nan yana ganin shi ya kashe aurenku," ya daɗe bai yi magana ba. Sannan ya ce, "Wallahi Malam, ban taɓa tambayarsa ba." Ba a rana ɗaya ya amince ba, sai da yayansa ya sa baki. Yanzu yaron yana zuwa wurin mahaifiyarsa ƙarshen kowane wata, kuma ya ga likita sau uku. Asuba har yanzu wata rana ya zo, wata rana a neme shi a rasa.